Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Miyau Cin Sitaci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin farko a fannin nazarin halittu. An ce mana miyau yana narkar da sitaci, amma da muka gwada, mun yi minti ashirin muna ɗiga aidin, launin bai bar shuɗi mai duhu ba. Ina muka kuskure? Daga wata ɗaliba, Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A cikin miyau akwai wani enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta narkar da abinci, mai suna amiles. Shi furotin ne, wato doguwar sarƙar sinadarai da ta nannaɗe ta ɗauki wata siffa ta musamman, da ɗan gurbi inda sitaci ke shiga a datse shi. Shi kuwa sitaci sarƙar gulukos ce, idan an gutsuttsura ta sai ta koma maltos, wani nau'in sukari wanda aidin ba ya mayar da shi shuɗi kamar yadda yake yi wa sitaci. Shi ya sa idan kika daɗe kina tauna farar shinkafa za ki ji ta fara zaƙi.

Abin da ke riƙe da wannan siffa galibi ɗauri ne mai rauni, irin wanda ake kira ɗaurin haidirojin. Zafi yana kwance shi, tsami ma haka. Da zarar siffar ta warware, gurbin ya lalace, aiki ya tsaya. Dubi farin ƙwai a kasko: da ya ji wuta ya daskare, ko an mayar da shi firji ba zai koma ruwa ba.

Zato mafi ƙarfi shi ne kun zuba miyau sitacin yana da zafi. Wannan kuskuren yana yawan faruwa, don ɗalibai ba sa son jira. Ki dama giram 1 na sitaci da ɗan ruwan sanyi, ki juye a tafasasshen ruwa har ya cika mililita 100, sannan ki bar shi ya huce zuwa digiri 37, wato ɗumin jiki. Ki kurkure baki, ki tara miyau mililita 1, ki sirka da ruwa mililita 9. Daga nan ki haɗa mililita 5 na sitacin da mililita 1 na sirkakken miyau. Duk bayan minti ɗaya ki ɗebi ɗigo guda, ki sa a kan ɗigon aidin a farin faranti. Shuɗin zai riƙa dusashewa har ya zama launin aidin kawai.

Kada ki zuba aidin cikin kwalbar gwajin kanta, yana hana enzayim aiki. Kada kuma ki yi amfani da gasarar koko don ta fi sauƙin samu, tsaminta ya isa ya ɓata komai. Amiles ya fi son pH, wato ma'aunin tsami, ya kasance kusa da 7; ƙasa da haka tsami ne. A cikin tumbi, inda ma'aunin ke sauka tsakanin 1.5 da 3.5, aikinsa tsayawa yake. Idan kuma lokacin hunturu ne, sanyin Zariya yana rage masa sauri amma ba ya lalata shi. Tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumi, zai farfaɗo.

TAMBAYA: Malam, me ya sa zoɓo yake sauya launi idan ruwan kanwa ya taɓa shi? Daga wani ɗalibi, Tudun Wada.

AMSA: Jan launin zoɓo daga sinadarin antosayanin yake, shi kuwa siffarsa tana bin yawan haidirojin da ke yawo a ruwa. A cikin tsami ja ne jawur. Kanwa alkali ce, ba na kotu ba, wato kishiyar asid. Tana kwashe haidirojin ɗin, sai launin ya yi duhu, ya karkata zuwa shuɗi ko kore. Matsa lemon tsami a kai, jan zai dawo, muddin kanwar ba ta yi yawa ba.

Ma'aunin pH, wanda Sørensen ɗan ƙasar Denmak ya fito da shi a 1909, an saba karanta shi daga 0 zuwa 14. Inda ɗalibai ke faɗuwa a jarrabawa shi ne, kowane mataki ninki goma ne: ruwa mai pH 3 ya fi mai pH 5 asid sau 100, ba sau biyu ba. Shi ya sa jiki yake tsare jinin ɗan Adam tsakanin 7.35 da 7.45.