Kar ka cire aksil ɗin, haƙoran ciki za ka canza

Assalamu alaikum. Malam, ina karanta tambayarka na ji kamar ni na rubuta ta shekara uku da suka wuce. Land Cruiser 80 mai injin 1HZ, ka ɗaga ta, ka sa mata taya inci 35, yanzu ta mutu murus a hawa, giya ta biyar ta zama ado, bakanikenka kuma ya ce a cire aksil gaba da baya a sa manya. Ni dai in za ka ji tawa, kar ka cire. Aksil ɗin 80 ba shi ne ciwonka ba.

Motar nan da taya wajen inci 31 ta fito, kirawun (babban faifan haƙoran cikin aksil) mai haƙori 41, finiyon (ƙaramin da ke juya shi) mai 10, ka raba 41 da 10, wato 4.10 ɗin da ake faɗa. Ka ƙara mata ƙafa, injin kuwa yana nan jiya-i-yau, doki 130 ne tun yana sabo. Buga 4.10 sau 35 ka raba da 31, za ka ga 4.63. Ke nan saitin haƙora na 4.56 zai maido ta kusa da yadda take. Ni 4.88 na zaɓa don ba na tafiya wayam, gishiri da maganin shanu nake kaiwa Gembu, kuma duk wanda ya san hawan Mayo Selbe ya san ba wurin wasa ba ne.

To a nan ne aka cuce ni, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Bakanikena shekara shida muna tare, ranar sunan ɗansa da ni aka ci rago. Na sayo saitin kirawun da finiyon biyu, na gaba da na baya, da boris sababbi, na miƙa masa da hannuna. Ya ce, "Alhaji, je ka huta, kwana huɗu ka dawo." Na dawo na taka mota, ta ɗauka kamar an sake ta daga turke. Har tukuici na ba shi, kai! Wata biyu ina yawo a kwalta, hob (makullin da ke haɗa tayar gaba da shaf) a buɗe, gaba ba ya aiki, ta ina zan sani?

Sai cikin watan Agusta, bayan la'asar, ana yayyafi, mun wuce Mayo Selbe mun fara hawa, muka tarar ƙasa ta zaftaro ta rufe rabin hanya. Yarona ya sauka ya kulle hob, na ja ogzilari, giyar ƙafa huɗu. A cikin laka na ji motar tana wani irin karkacewa, gaba na neman tserewa, baya na riƙe shi, na ce santsi ne. Muna fita kan kwalta, daidai kwana, sitiyari ya yi tauri, taya ta fara kuka, sai na ji ƙas! Ƙwallon shaf ɗin gaba na hagu, Birfield ɗin nan, ya tarwatse, gutsattsarin suka cije a ciki, sitiyari ya ƙi juyawa ko dama ko hagu. Dutse a hannu ɗaya, a ɗaya hannun ramin da ba ka ganin ƙarshensa. Na riƙe birki ƙafata na rawa har yaron ya samo duwatsu ya tokare tayoyin. A nan muka kwana. Hazo ya sauko, ko hannunka ba ka gani, sanyin kan dutsen nan kuwa ba sai na faɗa ba. Ba sabis a waya. Muka zare tamfol daga kan buhunan muka lulluɓa, ruwa ya jiƙa gishirin, ina ji yana narkewa yana ɗiga a bodi. Yaron nan ɗan ƙanwata ne, duk daren abin da nake tunani ke nan, me zan je in ce wa uwarsa. Da gari ya waye wani direban babbar mota, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya da sifanoninsa muka kwance hob muka zaƙulo ƙarafan, sannan na lallaɓa da baya kaɗai.

Da aka buɗe aksil ɗin gaba a gabana, notocin ma da tsohuwar lakarsu, sifana ba ta taɓa su ba. Na ƙirga: 41 da 10. Baya kuwa 39 da 8. Ashe baya kaɗai bakaniken ya yi, saitin gaba ya sayar. Bambancin ya kusa kashi ɗaya cikin biyar, dole wani abu ya karye. Da na tare shi wai yaransa ne suka manta. Manta! Dattawan gareji suka shiga tsakani, ya biya rabi, shi ma a gutsure. Na ce na bar shi da Allah, amma wallahi har gobe ba na bi ta layinsu.

Don haka ka tsaya a kan aikinka ko da yini uku ne. In a Ƙofar Ruwa ko Panteka za ka nema, sa alli a haƙori ɗaya ka ƙirga da yatsanka, kar ka yarda da rubutun kwali. In an riga an rufe, ɗaga taya ɗaya da jak, ɗayar na ƙasa, yi wa farfela alama, juya tayar sau biyu cur. Farfela ta zaga huɗu da ɗan ɗori, tsohon ne; ta kusa biyar, 4.88 ne. Gaba ma haka, amma hob a kulle.

Kuma kar wani ya zuga ka zuwa 5.29. Finiyon ɗinsa haƙori 7 ne kacal, kirawun ɗin gaba kuwa inci 8 ne, ba kamar na baya mai tara da rabi ba. Shi ya sa ma nake faɗa da masu janyo motar da ta maƙale da ribas, nan ne rauninsa. Wanda zai ɗaura maka ya shafa fenti a haƙoran ya juya, ka ga inda suke cizo, a tsakiya ake so. Mai yi da ido kawai, ɗauki kayanka ka tafi. Kilomita 800 na farko ban da lodi mai nauyi, sannan ka zubar da man ka sa sabo.

Af, birki. Tunda ka ɗaga ta, ƙarfen nan da ke daidaita birkin baya da nauyin kaya yana ɗauka motar wayam take kullum. A gyara masa zama, in ba haka ba gangarar nan za ta ba ka tsoro, ni ta ba ni. In kuma sitiyari na yawo a gudu, wannan matsalar ɗagawar ce, canza haƙora ba zai warkar da shi ba.

Ba ka faɗa mana ba, taka mai hob ce ko wadda ƙafa huɗu ke ja kullum? In ta biyun ce, ko da wasa kar ka ce bari in yi baya yanzu, gaba sai kuɗi ya samu. Ita ba za ta jira damina ba, daga ƙofar gareji za ta fara cin kanta.