Zane ne ko sassaƙa? Amsar tambayoyi kan aikin leza a jikin gilashi

Wani matashi daga Fagge, wanda yake aiki a shagon da ake haɗa kyaututtukan biki da lambobin yabo, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, barka da aiki. Muna da injin leza da muke fitar da sunan ango da amarya a jikin kofin gilashi. Za mu rubuta allon talla, maigidana ya ce a sa 'sassaƙa', ni kuma na ce 'zane'. Wanne ne daidai?"

Ɗana, ka gaida maigidan naka, ka kuma gaya masa cikin ladabi cewa zane ya fi dacewa. Sassaƙa aikin gizago ne. Masassaƙi yana ɗaukar gungumen ice ya yi ta sara yana ragewa, sassaƙe yana zuba a ƙasa, har turmi ko akushi ko allo ya fito. Ma'anar kalmar ke nan: a rage jikin abu don a fitar da siffa. Ka shiga Kasuwar Kurmi ka ɗauki akushi ka juya shi, za ka ga sawun kaifi a jikinsa.

Injin naku kuwa ba ya sara, ba ya ma taɓa kofin, leza yake haska masa, wato siririn haske mai ƙarfi da aka tattara wuri guda. Yawancin injinan da ake wannan aiki da su suna amfani da lezar iskar kabon dayokzaid, wadda Kumar Patel ya ƙirƙiro a Amurka a 1964, shekara huɗu bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960. Haskenta ido ba ya ganinsa. Hasken rana yana ratsa gilashi ya wuce, amma hasken wannan lezar, gilashi shanye shi yake yi. Sai zafi ya taru a ɗigo guda, wurin ya kumbura farat ɗaya alhali kewayensa da sanyi, sai ya tsage 'yar mitsitsiyar tsaga. Dubban irin waɗannan tsagogi ne suke jeruwa su ba da farin nan mai kama da hazon hunturu. Shafa da yatsa, za ka ji kaushi-kaushi inda dā santsi ne. Abin da ya sa masu aikin suke shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda ko su shafa sabulun ruwa a kan kofin kafin su kunna inji ke nan, don zafin ya ragu, tsagar kada ta zarce inda ake so.

To me ya sa ban ce "tsaga" ba? Domin Bakano in ya ji an ce gilashi ya tsage, asara ya ji, ba wanda zai kawo maka kofinsa. "Ƙwarzane" da "karce" su ma na ɓarna ne, abin da ƙusa take yi wa fentin mota. Zane kuwa kalma ce mai faɗi, kuma tun asali ba ta tsaya a kan alƙalami da takarda ba. Wanzami yana yi wa jariri zane da aska. Ana yi wa ƙwarya zane da wuƙa, wani lokaci da ƙarfen da aka gasa a wuta, wanda shi ne mafi kusa da aikinku tunda zafi ne yake barin alamar. Magina suna zanen bango, irin wanda ake gani a Gidan Makama da tsofaffin zaurukan cikin birni. Saboda haka ka rubuta "Ana zanen leza a jikin gilashi". Sai dai ka lura da kunnen mutane, da yawa za su ji "reza", su ɗauka da kaifi ake yi. Ƙara "zanen haske" a ƙasa ba zai ɓata komai ba, ni ma ya fi kwanta mini.

Wata Hajiya daga Gwale ta tambaya ko gilashi da madubi abu ɗaya ne, don ta ji tsofaffi suna kiran gilashin taga madubi.

Hajiya, ba ki ji kuskure ba. Madubi tamu ce, daga "duba" ta fito, ƙirarta ɗaya da mabuɗi da matsefi, wato abin da ake dubawa da shi. Da gilashin taga da na ido suka yawaita, sai aka ara musu sunan, shi ya sa har yau ake jin "madubin ido" a gefen tabarau. Gilashi kuwa aro ce daga Ingilishi, ita ce ta zama sunan sinadarin kansa. Akwai kuma ƙarau, awarwaron gilashi, irin wanda Masagan Bida suka shahara da yi ta hanyar narka kwalabe. Wani abin sha'awa: in madubin duba fuska za a yi wa zanen leza, ta bayansa ake bi a cire rufin da yake mayar da hoto, kuma dole a juya rubutun a kwamfuta don ya karantu ta gaba. A nan kam in kin ce "kankarewa" kin faɗi daidai.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibin Jami'ar Bayero take. Ya ce tunda zanen leza ba ya gogewa, ko za a iya sabunta karin maganar nan a ce "hali zanen gilashi"?

A'a, malam ɗalibi, bar ta yadda ka same ta: "Hali zanen dutse." Ka gano rabin hikimar, wato alama ce da ta shiga jiki, ruwa ba ya wanke ta, hannu ba ya kankare ta. Ɗaya rabin yana ga dutsen. Ana faɗar wannan magana ne a kan mutumin da aka yi wa faɗa, aka yi nasiha, duniya ma ta buga shi, amma yana nan yadda yake, mai kirki ne ko akasin haka. Dutse ne yake ɗaukar wannan ma'ana, don ana dukansa yana nan. Kofin gilashi kuwa da ya suɓuce daga hannun yaro a wurin wanke-wanke, da shi da sunan amaryar sai tsintsiya. Kuma in za ka furta karin maganar, ja wasalin "za" ɗin, don in ka gajarta shi zanen ɗaurawa ka ambata.