Amsa kan ƙaura daga Minesota zuwa jiha mai ɗumi

Ɗan'uwa, ka tambayi jihar da za ka mayar da iyalinka a Amurka domin ku huta da sanyin Minesota ba tare da tsadar rayuwa ta danne ku ba. Shawarata ita ce Teksas, domin jihar ba ta karɓar harajin albashi, kuma a birnin Houston akwai 'yan Najeriya da masallatai da dama. Sai dai harajin gidaje a can yana da nauyi, kuɗin wuta kuma yana hawa lokacin zafi saboda na'urar sanyaya ɗaki. Kafin ka kama haya, ka bincika ko ambaliyar ruwan da ta auka wa Houston a 2017 ta shafi unguwar, sannan ka duba makarantar gwamnatin da adireshin gidan zai kai yaranka.