Zafin inji: amsar kanikawan Brussels ga mai tambaya daga Kano

Alhaji, bayan gaisuwa. Ka tambayi dalilin da ya sa duk motar da aka lodo daga wajenmu sai an haɗo ta da gargaɗin kada a cire mata tamostat, wato ƙofar da ke sakin ruwan inji zuwa lagireto, kada kuma a ɗura mata ruwan rijiya a maimakon kulant, wato ruwan sanyaya inji, alhali kanikawan gida suna cewa waɗannan kayan ƙasar sanyi ne. Ga yadda Hausawa masu sana'ar mota a unguwar Heyvaert ta Brussels, inda ake tara motocin da za su bi jirgin ruwa daga Antwerp zuwa Kwatano, suke bin lamarin.

Sanyin nan yana rufa wa mota asiri. Lagireton da rabinsa ya toshe, ko fankar da ta gaji, sai su yi ta aiki a nan ba wanda ya lura. Ranar da motar ta shiga cunkoson Kano a watan Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40, ga esi a kunne, sai allurar zafin inji ta miƙe. Ciwon tun daga nan ta taho da shi, kuma sau da yawa ba ruwan tamostat.

Shi ya sa a garejinmu ba a ɗaukar sifana sai an tambayi mai mota lokacin da take ɗaukar zafin. In a tsaye ne ko cikin cunkoso, amma da ta samu hanya allura ta sauka, to iska ce ba ta ratsa lagireto, sai a nufi fanka. In kuwa a kan babbar hanya ne ko wajen hawan tudu, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, wato lagireto ko famfon ruwa. Wadda ke tafasa cikin minti goma da tashinta, ko dai tamostat ya maƙale a rufe, ko iska ta shiga layi, ko gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya tafi.

Sai an bari inji ya huce sarai kafin a taɓa murfin lagireto, don ruwan ciki yana iya tsartuwa ya sale fuska da hannu. Murfin nan da ake rainawa shi muke fara dubawa. A kansa akwai lambar matsi, 0.9 ko 1.1 a yawancin motocin Japan, wajen 1.4 a na Turai da dama. Matsin da yake riƙewa ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi 120 ko fiye. In robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, mota za ta riƙa zubar da ruwa alhali komai nata lafiya lau. Daga nan a ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, a buga matsi daidai da lambar murfin, a jira minti 15. In allurarsa ta sauka akwai yoyo, sai a bi bakin tiyo da gindin famfon ruwa ana neman farin busasshen tabo.

Tamostat ƙofa ce mai buɗewa galibi a digiri 82 zuwa 92, gwargwadon mota, kuma lambar tana jikinsa. A tada inji da sanyinsa, a riƙe tiyon da ke zuwa lagireto ta sama. Ya kamata ya zauna da sanyi na wasu mintoci, sannan ya yi zafi lokaci guda. In allura ta wuce tsakiya tiyon bai ɗau zafi ba, ya maƙale. A ciro shi a jefa a tukunyar ruwa kan wuta, mai lafiya zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya ƙi, a sa sabo mai lamba ɗaya da shi. Barin gurbin fayau yana jawo abu biyu. Da safe, musamman lokacin hunturu, inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur, mai ya ƙare, cikin inji ya ci. Na biyun ya fi muni: a injuna da yawa tamostat ne ke toshe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe, to in babu shi wani ruwan zai riƙa komawa inji bai bi ta lagireto ba. An cire shi don maganin zafi, an ƙaro zafin.

Haɗa fanka kai tsaye da makulli ma ba ma yi, domin yana ɓoye abin da ya lalace kuma yana gajiyar da fankar. A kunna esi, a yawancin motoci za ta tashi. In ta ƙi, mai wayarin ya duba fis, da rile, da sansan zafi, sannan ya ba ta wuta daga batir ya ga ko ita ce ta mutu. A leƙa kuma tsakanin kwandensan esi da lagireto, nan ƙura da leda da ƙwari suke yin katifa. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi don kada ƙarafan su lanƙwashe.

Kulant kuwa, a nan rabi da rabi ake haɗa shi da tataccen ruwa, don hakan ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Ku ba ku da wannan damuwar, amma cikinsa akwai maganin tsatsa da injin alminiyam ke buƙata a kowace ƙasa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farar ƙasa irin ta gindin butar shayi, ita ke toshe siraran bututun lagireto. Bayan an kashe inji mai ɗumi, a shafa fuskar lagireto da hannu: wurin da ya yi sanyi a tsakiyar mai zafi, nan ya toshe. Ƙaramar mota na cin lita 5 zuwa 7. Kada a gauraya ja da kore sai an tabbatar iri ɗaya ne, wasu in sun haɗu suna yin kauri. Bayan an zuba a fitar da iska. Peugeot 406 tana da ƙananan sukurori don haka, a sassauta su har ruwa ya fito ba kumfa.

Gasket muke barin wa ƙarshe, saboda shi ne mai tsada kuma shi aka fi ɗora wa laifi ba hujja. Alamunsa su ne tiyo ya yi tauri minti kaɗan da tada inji mai sanyi, kumfa ta yi ta tasowa a tankin ruwa, farin hayaƙi ya ƙi yankewa a salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. Muna tabbatarwa da wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya rikiɗe rawaya ko kore. In ya tabbata, a kai kan injin a auna ko ya karkace, a goge shi, a ɗaure kusoshi bisa tsari da awon kamfani. Sannan a koma a nemo abin da ya fara kawo zafin, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma zai ƙone.

Tsohon kulant a nan ba a zubar da shi a kwata, wurin tara shara mai guba ake kai shi. Yana da zaƙi kuma yana kashe ƙoda, don haka a gaya wa yaran gareji su zuba shi a jarka mai murfi, nesa da yara da awaki.