Ango na so ya kai amarya bakin teku: amsoshin wannan mako

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Arkilla nan Sakkwato. Ban daɗe da aure ba, kuma na yi wa amarya alkawarin kai ta ta ga teku, don iyakarta da ruwa gulbin Rima. Na ga wani a Instagram yana tallar tafiya Zanzibar ta kwana biyar, jirgi da otal da biza duk a dunƙule, ya ce in tura rabin kuɗi yanzu. Ina so mu tafi a Afrilu mu huta da zafin nan. In tura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ango ka sha ƙamshi. Allah ya ba da zaman lafiya. Kuɗin nan kuwa riƙe abinka tukuna.

Zaɓin wuri dai ka iya. Zanzibar tsibiri ne, yanki na Tanzaniya, mafi yawan mutanenta Musulmi ne, kiran salla zai tashe ku da asuba kamar kuna gida. Inda gizo ke saƙar shi ne biza. Mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa hatimi a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida ta shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya, a jira su duba su amince, kuma su da kansu suna ba da shawarar a nema da kamar wata biyu kafin tafiya, kada a yanki tikiti sai amsa ta fito. To wanda ya ce ka ba shi rabin kuɗin jirgi da otal alhali ko fom ba a cike ba, me zai saya da su? Na taɓa ganin takaicin wannan a cikin dangi: an biya wani dillali, ranar tafiya ta zo biza ba ta fito ba, aka shiga "gobe, jibi" har lambarsa ta daina shiga. Cike fom ɗin da kanka, ba ya fin ƙarfin wanda ya iya waya.

Sai katin rigakafin cutar shawara, ɗan katin nan mai ruwan ɗorawa, don za a tambaye shi. Haka kuma tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, dala 44 kan kowane babba. Ku biyu dala 88 ke nan, sa shi a lissafi tun yanzu.

Batun Afrilu akwai abin dariya a ciki. Lokacin da rana ke gasa mu a nan, fanka na hura wuta, shi ne tsakiyar babbar daminarsu, wadda ke kamawa daga Maris zuwa Mayu. Otal na yin araha sosai, gaskiya ne, amma ana iya wuni ana tafka ruwa, amarya ta ƙare da kallon teku ta taga. Da ni ne, farkon Yuni zan nufa: ruwa ya ɗauke, iska ta yi sanyi, Turawa ba su gama cika gari ba. Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba farashi kan hau, ka kauce musu.

Jirgi shi zai cinye kaso mafi tsoka. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III sai ka fara sauka Abuja ko Legas. Ethiopian Airlines na bi ta Addis Ababa, Kenya Airways ta Nairobi. Duba farashi iri biyu: na sauka Zanzibar kai tsaye, da na sauka Dar es Salaam ku hau jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu. In bambancin bai taka kara ya karya ba, ku sauka kai tsaye, don wanda bai saba hawa ruwa ba amai kan kama shi.

A can, kada ku zube kwanakinku duka a babban otal na bakin ruwa. Ku yi dare biyu a ƙaramin masauki cikin tsohon gari, wanda suke kira Mji Mkongwe, mai lunguna matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Bayan magariba ku gangara lambun Forodhani. Tebura ne jere da fitilu, hayaƙin gashi na tashi, ga tsire irin nasu da ake ce wa mishkaki, ga mai matse rake a inji yana haɗawa da citta da lemun tsami. Tambayi farashi kafin a zuba maka, kuma ka taya, kai da ka saba ciniki a Tsohuwar Kasuwa ba sai an koya maka ba. Wata safiya ku hau kwalekwale zuwa tsibirin Changuu ku ga manyan kunkurai waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919. Sauran kwanakin ku shiga daladala, motar hayarsu, ku tafi Nungwi a arewa. Tasi ɗaya ta isa kuɗin abincin wuni.

Dala ka karɓi sababbi wurin 'yan canji, tsofaffin takardu ba su cika karɓuwa ba. Da kun sauka ka canza zuwa shillin, kada ka dogara da katin naira.

Tambaya: Ni malama ce daga Mabera, ni da maigidana muna tunanin zuwa da yara biyu. Damuwata hijabi da abinci. Ba za mu zama bare a bakin ruwa ba?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. Matan Zanzibar da lulluɓinsu suke yawo, ke ce za ki saje, masu gajeren wando su ne baƙi. Abin lura kawai manyan otal-otal na sayar da giya, wasu da kiɗa har dare, don haka ki karanta bayanin masauki kafin ki biya. Shinkafar pilau da biriyani da kifi ba za su ba yara wahala ba.

Ga wani abu da hoto ba ya nunawa. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan janye da nisa sau biyu a yini, har ka ga mata sun shiga tsakiyar fili suna gyaran ciyawar teku da suke nomawa a kan igiyoyi. Yara za su so tsintar katantanwa a nan, amma in ruwan ya tashi dawowa ba ya sallama. Ki riƙe hannunsu, ki tambayi masu masauki lokacin cikarsa. Ki samu wuni guda ku je gonar kayan ƙamshi ku ga kanumfari a kan itacensa, ki sayo na tsaraba, na kunu da shayi ya samu.

Tambaya: Kuɗina ba su kai na Zanzibar ba, kuma ba na son wahalar biza. Akwai na kusa?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Senegal na cikin ECOWAS, fasfonka ya wadatar. Daga tashar ruwan Dakar zuwa tsibirin Gorée kamar minti 20 ne, babu mota ko ɗaya a cikinsa, kuma nan ne gidan tarihin cinikin bayi mai ƙofar da ke fuskantar teku. In kana cikin masu zuwa Maulidin Kaulaha, ƙara kwana biyu a Dakar kan hanyar dawowa, kuɗin jirgi ɗaya ya biya maka buƙata biyu. In ma hakan ya yi nauyi, Tarkwa Bay na nan a Legas, da kwalekwale ake shiga, kuma da naira za ka biya.