Tambayoyin Fasaha: Robar da Ta Ƙi Cin Wuta

Tambaya: Cajata tana ɗaukar zafi har robarta ta yi laushi. Yaya zan yi?

Amsa: Zare ta daga soket yanzu, ka sayi ta gaske. Araha ta ja ka, na sani.

Tambaya: Na fasa murfin tsohuwar talabijin don in hura gawayi, sai ya ƙi ci, hayaƙi kawai yake yi. Me ya sa?

Amsa: Malam, ashana ta ƙare a unguwarku ne? Da gangan aka yi shi haka. Talabijin da kwamfuta suna zafi, don haka ake cakuɗa robarsu da sinadarin hana kama wuta. A tsofaffin kaya galibi dangin buromin ne, irin su PBDE, waɗanda ke shaƙe harshen wuta kafin ya bazu. Matsalarsu ita ce ba su manne da robar ba. A hankali suke fita su shiga ƙurar ɗaki, su taru a kitsen jiki, har a nonon uwa an same su. Shi ya sa yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta haramta wasunsu a 2009, ta ƙara da wani nau'insu, decaBDE, a 2017. Tarayyar Turai kuma tun 2021 ta hana irin waɗannan sinadarai a murfin talabijin.

In ka matsa mata da wuta, dayoksin take fitarwa, guba ce, kuma a kan wannan gawayin za a gasa wa yara masara! Haka masu ƙona wayar lantarki don cire tagulla suke shaƙa kullum, alhali wuƙa ta isa feɗe wayar.

Yanzu masana'antu suna komawa ga dangin fosfaras, ko garin aluminiyam haidiroksaid, wanda ke sakin ruwa idan zafi ya kai kusan digiri 200. Sai dai shi garin sai an zuba da yawa, wani lokaci fiye da rabin nauyin robar, sai ta yi nauyi ta rage ƙwari. Murfinka dai na tsohon yayi ne, kada ya sake kusantar murhu.

Tambaya: A cikin murfin kwamfutata an rubuta >PC+ABS-FR(40)<. Mene ne?

Amsa: Madalla da mai karanta murfi. PC+ABS nau'in robar ne, FR na nufin akwai sinadarin hana kama wuta, 40 kuma fosfaras ne marar buromin. Da 17 ka gani, to buromin ne haɗe da sinadarin antimoni.