Tambayoyinku kan Waya da Kwamfuta: Mai Digirin Harshe Za Ta Iya Aikin Nazarin Bayanai?

Tambaya: Malam, wayata kullum cewa take wuri ya cika, ko hoto ba na iya ɗauka. Daga mai karatu a Kurna.

Amsa: Bidiyoyin WhatsApp ne suka cinye ta. Shiga saitinsa, ɓangaren ma'ajiya, ka goge manyan fayiloli, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Guruf ɗin 'yan ajinku na firamare ma ka fita, ba wanda zai kai ka ƙara.

Tambaya: Na karanta kimiyyar harshe a Jami'ar Bayero, na gama hidimar ƙasa. Ina son shiga harkar nazarin bayanai da kwamfuta, amma ana ce mini karatuna bai shafe ta ba, sai dai in sake digiri ko in biya kuɗin kwas na wata uku. Ina mafita? Daga 'yar'uwa a Rijiyar Zaki.

Amsa: Ƙanwata, wannan magana ta "bai shafe ta ba" ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Masu faɗinta ba su san inda aikin yake ba.

Tun 2013 Google Translate ya saka Hausa, amma ba shi karin magana ɗaya ki ga yadda zai kwaɓa. Kwamfuta daga rubutun da aka tara mata take koyo, namu kuwa kaɗan ne, ga shi a hargitse. Buɗe Facebook ki duba sharhi goma: wannan ya rubuta ƙ da lanƙwasarta, wancan ya sa k', na uku ya bar ta k tsura. Wani ya haɗe "yana", wani ya raba. Ga Turanci a tsakiyar jimla, ga Sakkwatanci kusa da Kananci, ga karin sauti da tsawon wasali da ba a nuna su a rubutu. Wa zai warware wannan kafin a miƙa wa na'ura? Wanda ya zauna ajin tsarin sauti da ginin jimla, wato ke.

Ba tatsuniya nake miki ba. A 2022 masu bincike, ciki har da na jami'arku, suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Buroka, mutane ne suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna tantance na yabo da na suka da na tsaka-tsaki. Ga ƙungiyar Masakhane da ke aiki kan harsunan Afirka, ga HausaNLP da ke aiki kan Hausa. Ki neme su yau.

Sai dai kada ki saki jiki. Digirinki ba zai rubuta miki manhaja ba, kuma na san da yawanku tsoron lissafi ne ya kai ku sashen harsuna. Nan babu gudu. Ki fara da Excel, manhajar jera bayanai da lissafi a tebur, har ki ƙware, ki bi da SQL, yaren zaƙulo bayanai daga rumbunsu, sannan Python, yaren rubuta manhaja, da ƙididdiga. Bankuna da ƙungiyoyin lafiya ma Excel da SQL suke fara tambaya. Google Colab, inda ake rubuta Python a gwada shi, kyauta ne, a burauza yake aiki, shafin Kaggle na masu nazarin bayanai na da gajerun darussa ba ko sisi. Akwai Arewa Data Science Academy mai koyar da nazarin bayanai, akwai shirin 3MTT na horar da mutane kan fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Duk wannan na nan, me zai sa ki sayar da ɗan kunnenki don kwas ɗin da ke alƙawarin mayar da ke gwana cikin wata uku? Na ga masu satifiket jere a jaka waɗanda ba sa iya buɗe fayil su ƙirga layukansa, abin yana sosa mini rai.

Abin da nake faɗa wa kowa shi zan faɗa miki: yi aiki da hannunki. Tara kanun labaran Hausa 500, ki gyara rubutunsu, ki sa Python ya ƙirga kalmomin da suka fi maimaituwa, ki gwada ko zai bambance labarin siyasa da na wasanni. Ki ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke baje aikinsu, da bayanin inda ya ci da inda ya faɗi. Mai ɗaukar aiki wannan yake buɗewa. Awa ɗaya kullum bayan la'asar ta fi kwana biyu cur a ƙarshen wata. Sabon digiri kuwa ki ajiye maganarsa. In kin so ƙari nan gaba, digiri na biyu za ki nema.

Tambaya: Wace laftof zan saya don koyon Python? Kuɗina kaɗan ne. Daga ɗalibi a Hotoro.

Amsa: Ta hannu ma ta isa, in dai RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ya kai 8GB kuma tana da SSD, ma'ajiya mai sauri. Je Titin Beirut a Kano, inda ake sayar da waya da kwamfuta, da wanda ya san kaya, ku cire caja ku ga ƙarfin batirin kafin ka biya.

Tambaya: Ta yaya zan rubuta ɓ da ɗ da ƙ a waya? Daga malamar makaranta a Gwale.

Amsa: Malama, sauke Gboard, manhajar madannin rubutu ta Google, ki ƙara Hausa cikin harsunansa. In ba ki ga harafin a fili ba, danne b ko d ko k na ɗan lokaci, zai fito.